Yadda Muka Zama Mutanen Maiyama

Zainabu, Nura, Hafsatu, wannan babin naku ne fiye da sauran. A zaman makokin Babanku, Allah ya jiƙansa, na ji abin da wata daga cikin danginsa na Kontagora ta faɗa muku a bayan ɗaki, tana zaton kunnena ya tsufa. Wai ni na ɗauke shi daga cikin 'yan'uwansa a lokacin da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa, na kawo shi ƙasar Kabi na ɓoye. Ban tanka ba, domin ranar ba ta magana ba ce. Amma na ga yadda fuskar Nura ta sauya. To ga yadda abin ya kasance, ku karanta ku yi hukunci da kanku.

Babanku, Malam Sani, direban babbar mota ne tun kafin in aure shi. Yana ɗaukar hatsi da albasa daga Jega ya gangara da su kudu, ya dawo da manja da goro. Muna zaune a Kontagora, cikin ɗaki biyu da mai motar ya ba mu a bayan garejinsa. Zainabu tana gab da gama firamare, Nura yana biye da ita, Hafsatu kuwa tana goye. Ana cikin zafin bazara taya ta fashe masa bayan ya wuce Yawuri, motar ta kife da shi. Cinyar dama ta karye, ƙaurin hagu ya karye wuri biyu. A asibiti suka tsayar da jini suka ɗinke raunuka, Allah ya saka musu da alheri, amma aikin ƙashin ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Abokan aikinsa direbobi ne suka ce a kai shi Aliero wurin masu ɗori, suka yi karo-karo, suka shimfiɗa masa katifa a bayan mota. Na bar manyan biyu wurin mahaifiyata, na saɓa Hafsatu na bi su. Ban taɓa taka ƙasar nan ba sai ranar.

Mai ɗorin da aka kai mu wurinsa sunansa Malam Manu, dattijo mai ƙaramin jiki da manyan hannuwa. Bayan gidansa rumfuna ne a jere, kowace da majinyata kwance, wasu daga Nijar, wasu daga kudu, masu jinya kuma muna girki a kan duwatsu a gindin katanga. A nan muka zauna har zafi ya fara sauka, hadari ya fara haɗuwa. A nan kuma saƙo ya same mu cewa mai motar ya ɗauki sabon direba, yana bukatar ɗakunansa. Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma motarsa ce ta hallaka. Aka kwashe kayanmu aka jibge a zauren Baffanku Bala, yayan Babanku. Wato a cikin 'yan watanni muka rasa ƙafa, muka rasa sana'a, muka rasa wurin kwana.

Wata safiya Malam Manu ya kwance karan da ya ɗaure ƙafar da su, ya daddanna, ya mayar ya ɗaure, sannan ya kira ni gefe. Da farko ba na gane rabin maganar mutanen nan, amma a lokacin kunnena ya fara sabawa.

"Ƙashi shina kamawa," in ji shi. "Ba shi da sauran bukatar kwanciya nan, ga wasu suna jiran rumfa. Amma kak ku tahi da shi nesa. Ku nemi wuri kusa, a riƙa kawo min shi ina dubawa. In kunka kai shi Kontagora, hanya kaɗai ta isa ta ɓata min aiki."

Bayan 'yan kwanaki Baffanku Bala ya zo dubiya, ya zo kuma da shawara a shirye. Ina so ku sani, Bala ba mugu ba ne. Mutum ne mai iyali da yawa da ƙaramin shago, ya zauna ya yi tunani iyakar ƙarfinsa. Ya ce zai gyara wa Babanku zaurensa ya kwanta. Nura ya zauna wurinsa ya riƙa taya shi tsaron shago. Zainabu a kai ta wurin goggonta a Minna. Ni da goyo in koma wurin mahaifiyata, har Allah ya kawo sauƙi. Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu, ni kuwa ina jin kamar ni ake yankawa ana rabawa. Na san gidan goggon nan. Yarinyar da ta shiga can da tiren talla take fita, ba da jakar makaranta ba. Na kuma san gidan da aka watsa da sunan wucin gadi ba kasafai yake sake haɗuwa ba. Na dubi Babanku ko zai ce wani abu. Tun da aka kawo shi fuskarsa na kallon zanan rumfa, gemu ya cika masa fuska, ba ya magana sai dole. Bai juyo ba ya ce:

"Hajara, ki bi maganar Yaya. In ma kina so in sauwaƙe miki, zan sauwaƙe miki. Ba ni da abin da zan riƙe ki da shi."

"Malam, ban roƙe ka wannan ba," na ce. Na juya wurin Bala. "Yaya, ina neman alfarma. Ka ba ni zuwa ƙarshen wata. In ban samo mana wurin zama a nan kusa ba, duk abin da ka ce shi za a yi."

"Ke za ki nemi gida? A garin da ba ki san kowa ba? Da wane kuɗin?"

"Akwai sauran abin da direbobi suka haɗa. Na kuma aika Inna ta sayar min da awakina."

Ya girgiza kai, ya ce shi ke nan, ƙarshen wata zai zo da mota. Na ga a idonsa ya yarda ne kawai don ya tabbata ba zan samu ba.

Da Aliero na fara, don nan ne kusa da mai ɗori. Ashe na zo a makare. Ɗaliban jami'a sun cika garin, masu gidaje sun yanyanka ɗakunansu ƙanana-ƙanana, samari huɗu su haɗa kuɗi su biya abin da magidanci ɗaya ba zai iya ba, kuma na shekara guda a dunƙule. Duk da haka na bi unguwa-unguwa da Hafsatu a baya, ina sallama a ƙofar mutane. Ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba, tambaya ɗaya ce da kowa ke yi kafin ma a kai ga kuɗi.

"Ina mai gidanki?"

"Yana kwance gidan ɗori."

"Allah shi ba shi lahiya. In yat tashi, shi zo mu yi magana."

Haka nan, da ladabi, da addu'a, a rufe ƙofa. Ban ga laifinsu sosai ba. Mace baƙuwa, bakinta ba irin nasu ba, miji ba ya aiki, 'ya'ya uku. Ni ma da ni ke da ɗakin da na yi tunani sau biyu.

Daga nan na koma Jega. Na san sunan garin a bakin Babanku shekara da shekaru, amma ban zaci haka yake ba. Na sauka ranar kasuwa, shanu na ratsa titi, buhunan gero jibge sun fi tsawon mutum, babura da a-daidaita-sahu suna kutsawa ta ko'ina. Na ce a raina, nan ne wurin zama, mai hannu ba zai kwana da yunwa ba. A tasha aka haɗa ni da wani dillalin gidaje, Ɗanjumma, mai hular da ta fi kansa girma da waya biyu a hannu. Ya karɓi kuɗin ganin gida tun kafin in ga komai. Na farko da ya nuna min ɗaki ne a saman bene, kan shagon hatsi. Na ce masa mijina ba ya tafiya. Ya ce ai sau ɗaya za a hau da shi. Na biyu gidan haya ne mai ɗakuna fuska da fuska, kowace ƙofa da murhu da yara, banɗaki ɗaya tal a can ƙurya, sai an hau tudu kafin a shiga. Na tsaya ina lissafin yadda zan ja namiji babba in ratsa da shi gaban matan mutane kullum safiya, na san Babanku zai gwammace ya daina cin abinci.

Na uku ne ya kusa cinye ni. Ɗaki biyu ne a gangare wajen gulbi, an yi masa sabon shafe, ƙofa mai faɗi, kuɗinsa kuma daidai da abin da ke ƙulle a haɓar zanena. Har na fara kwance ƙullin. Ɗanjumma ya fita amsa waya, sai maƙwabciya da ke daka ta leƙo ta katanga ta yafito ni. Ta ja ni bayan ɗakin inda ba a shafe ba, ta nuna min wani layi mai duhu a jikin bango, daidai ƙuguna.

"Nan ruwa yat tsaya bara," ta ce a hankali. "Mu da ƙahwahu mun gudu. Ke da wa za ki gudu?"

Na mayar da ƙullina na ɗaure. Na koma tasha na zauna a kan wani benci, na ba Hafsatu nono, na daɗe ina kallon motocin Kontagora suna lodi. Wata ya riga ya raba. Ranar ce kaɗai na ji a raina cewa wataƙila Bala ne mai gaskiya.

A gidan ɗori akwai wata mata da murhunta ke kusa da nawa, Hassi, mutuniyar Andarai, mijinta ya faɗo daga amalanke. Ita ke kula min da Babanku in na fita. Da yamma ta ga na dawo ban ko iya hura wuta ba, ta zubo min tuwonta ta zauna.

"Ke, mi kika nema Jega? Jega ta 'yan kasuwa ta. Tahi Maiyama."

"Maiyama ba ta yi nisa da nan ba? Sai fa an wuce Jega."

"Hanya guda ta, mota ba ta yankewa. Abin da za ki biya ɗaki guda Jega, can shi kama miki gida, ki samu canjin kuɗin mota. Akwai kawuna can, Malam Labbo. Ɗanai ya gina sashe yak koma Birnin Kabi da aiki, ba kowa ciki sai albasa. Ki ce ni na aiko ki. Amma ki shirya, tsohon ga taurin kai gare shi."

Washegari da sassafe na hau mota. Maiyama ta yi min shiru bayan Jega. Gari ne a bakin babbar hanya, gonaki sun kewaye shi, mutane ba sa sauri. Da na tambayi gidan Malam Labbo, wata mata ta ajiye tulunta ta raka ni har ƙofa. Na same shi ƙarƙashin dogonyaro yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, dogon tsoho siriri, da tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi, na faɗi wadda ta aiko ni. Ya kira matarsa, Inna Kulu, ya ce ta buɗe min in gani.

'Ya'yana, kun girma a sashen nan, kun san shi fiye da ni, amma ba ku gan shi da idon da na gan shi ranar ba. Ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ƙofarsa daban, tana fita kan layi. Daga waje har cikin ɗaki ƙasa a shimfiɗe take, babu tudu babu dakali. Banɗaki nasa shi kaɗai, kusa da ƙofar ɗaki. Rijiya a tsakanin sashen da na Inna Kulu. Makarantar firamare ana jin ƙararrawarta daga tsakar gidan. Albasa ce jibge a ɗakunan har rabin bango, don ta yi yawa a shekarar, rudun da suke ajiye ta a kai ya cika. Warin ya sa idona ruwa, na ji daɗi da ya ba ni abin fakewa. Na fito na durƙusa gaban tsohon na ce gida ya yi, nawa ne?

Bai ɗago ba. Ya jefa wata albasa a kwando ya ce:

"Ni ba ni ciniki da macce."

Duk ladabin da na yi ta yi a ƙofofin Aliero da Jega ya ƙare a wurin.

"Baba, kowa haka ya ce min. In ya tashi ya zo, in ya tashi ya zo. To a ina zai tashi? A bakin titi? Mutum na kwance ƙafa biyu a karye, an ce mu bar rumfa, za a raba min 'ya'ya kamar kayan gado, ni kaɗai ce mai ƙafa a gidanmu, kuma ni ce ba a magana da ni!"

Inna Kulu ta kama baki. Shi kuwa sai a lokacin ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ƙahwa tak karye, ko baki?"

"Ƙafa."

"To bakinai lahiya lau. Gobe ki zo mu tahi in gan shi."

Ban yarda zai je ba. Amma da na iso washegari na tarar da shi tsaye a bakin hanya cikin babbar riga fara, da hula da sanda, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Shi ya biya kuɗin motarsa, bai bari na biya ba, bai kuma biya nawa ba.

Da muka shiga rumfa ya yi sallama da ƙarfi, ya cire takalmi, ya zauna dab da katifar Babanku. Duk wanda ya zo dubiya a watannin nan ƙafar yake fara kallo, ya yi salati, ya girgiza kai. Malam Labbo ko kallonta bai yi ba. Ya miƙa hannu.

"Kai ne mai gida? Ni ne Labbo na Maiyama. An ce kana neman haya. Ina da sashe, ɗaki biyu."

Sai ya faɗi kuɗin. Ya kusa kai na Jega. Na ce a raina, tsohon nan ya sa na yi asarar kuɗin mota ne kawai don ya zo ya wulaƙanta mu. Ina shirin magana sai na ji katifa ta motsa. Babanku ya juyo da fuskarsa daga jikin zana.

"Nawa ka ce, Baba?"

Ya maimaita.

"A Maiyama?" in ji Babanku. "Baba, na fi shekara goma ina bin hanyar nan. Babu mai shayin da bai san ni ba a tasharku. Wannan kuɗin ko gidan hakimi ne ba zai kai ba."

"Gidan hakimi ba shi da rijiya irin tawa."

"Rufin kwano ne ko na ƙasa?"

"Kwano."

"Yana yoyo?"

Tsohon ya gyara zama. "Wuri guda."

"Hajara, zo ki tayar da ni zaune."

Na tallafe shi na jingina shi da buhun kayanmu. Rabon da ya nemi a zaunar da shi da kansa har na manta. Daga nan aka shiga ciniki, irin wanda ban taɓa gani ba ko a kasuwar shanu. Babanku ya taya ƙasa da rabi, Malam Labbo ya yi salati ya ce an zage shi. Ya tashi ya sa takalmi ɗaya, Babanku ya ce a sauka lafiya, ya cire ya dawo ya zauna. Suka yi musu a kan yoyon, suka yi musu a kan wa zai kwashe albasa, suka yi musu a kan biyan shekara a dunƙule, Babanku ya ce ko gwamnati wata-wata take biyan ma'aikatanta. Majinyatan rumfar duk suka juyo. Wani Bazabarme mai karyayyen hannu ya goyi bayan Babanku, mijin Hassi ya goyi bayan surukinsa, har Malam Manu ya bar abin da yake yi ya zo ya tsaya yana dariya. Muryar Babanku ta dawo, irin wadda yake yi wa 'yan lodi tsawa da ita. Sai da rana ta take tsaka suka daidaita, a kan abin da bai kai wanda na yi niyyar biya ba, kuma kashi-kashi. Suka tafa hannu, Malam Manu ya shafa fatiha.

Bayan na raka tsohon na dawo, na tarar da Babanku yana nan zaune, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dube ni, ido cikin ido, karon farko tun ranar hatsarin.

"Da ke kika yi cinikin nan, da tsohon nan ya yi miki wayo," ya ce. "A nemo min wanzami."

Shekaru bayan haka na tambayi Inna Kulu ko da gangan mijinta ya tsawwala kuɗin don ya tayar da Babanku. Ta yi dariya ta ce ita dai ta san ko kaza ba ya sayarwa sai ya yi gumi. Shi kuwa ban taɓa samun fuskar tambayarsa ba har ya bar duniya.

Ƙarshen wata Baffanku Bala ya zo da motar da ya yi shata. Ya tarar da ƙaninsa an yi masa aski, yana zaune yana cin ɗanwake. Ni ina gefe. Babanku ne ya yi magana.

"Yaya, na gode da ɗawainiya. Amma na kama gida a Maiyama."

"Kai ka kama, ko matarka?"

"Ita ta gano shi. Ni na yi ciniki, ni na ba da hannu. Ina so 'ya'yana su kwana inda nake jin numfashinsu."

Bala ya daɗe yana tsaye. Ya yi asarar kuɗin mota, ya kuma riga ya gaya wa dangi yadda za a yi. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya juya. Bayan kwanaki ya ɗoro kayanmu a wata motar da ta sauke albasa za ta dawo, ya sa Zainabu da Nura a gaba kusa da direba, bai aiko da ko gaisuwa ba. Shekaru suka shuɗe bai tako Maiyama ba, sai bikin Zainabu. Wannan ya ci Babanku a rai fiye da yadda ya nuna muku.

Ba shi kaɗai ne abin da muka biya ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Zainabu ta maimaita aji, ta yi kuka har ta gaji. Kai Babanku Aliero a watannin farko azaba ce, sai mun sayi kujerar gaba gaba ɗaya, kowane rami a hanya sai ya ciji leɓe. Mafi nauyi a wurina, mahaifiyata. Da ina Kontagora kullum sai na leƙa ta. Bayan mun dawo nan sai a yi watanni ban gan ta ba, ranar da aka kira ni kuma, kafin in isa an riga an kai ta. Har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. Amma ko ita, zuwana na ƙarshe, cewa ta yi in riƙe gidana da kyau, kada in waiwaya.

Ranar da muka tare, matan layin suka shigo da tsintsiya ba tare da an kira su ba. Muka share, muka wanke, muka turara, amma warin albasa bai bar ɗakunan nan ba sai da damina ta wuce. Yaran unguwa suka yi ta kwaikwayon maganar Nura, bai yi wata biyu ba ya fi su iya cewa "mi kac ce". Inna Kulu ta ara min tanda, na fara suya a ƙofar gida. Ina cewa "waina", su suna cewa "masa", har na haƙura na bi su. Wani abin da ban yi lissafinsa ba, ashe zama a bakin hanyar nan rahama ne. Direbobin da suka san Babanku suka ji labari, sai ka ji babbar mota ta tsaya, mutum ya shigo da ƙullin goro ko galan na manja, a zauna a yi hirar hanya. Ta bakinsu daga baya ya samu aikin kamasho a tasha, wanda ya riƙe mu har kuka kawo ƙarfi. Bai sake riƙe sitiyari ba, kuma kun san yadda yake ɗingishi.

Sandunan da kafinta ya yi masa sun daɗe jingine a bango. Yana taka su daga ɗaki zuwa rijiya, amma ya ƙi fita waje, ba ya so a gan shi yana jan ƙafa. Ran nan, bayan an gama girbin gero, ana kiran la'asar sai ga Malam Labbo ya yi sallama ya tsaya a ƙofa da butarsa.

"Liman ya tambayi mai gidan ga. Na ce mai kana nan tahe."

"Yaushe, Baba?"

"Yanzu. Ko kana so in zama maƙaryaci da tsuhwana?"

Babanku ya dube ni, na yi kamar ina tankaɗe. Ya yi alwala a zaune, ya ce Nura ya miƙo masa sanduna. Zainabu da Nura suka zabura za su riƙe shi, tsohon ya kore su da hannu. Na bi su har bakin ƙofa na tsaya. Masallacin nan da kuke zuwa a guje kafin a yi raka'a ɗaya, ranar ya yi min nisa kamar Jega. Babanku yana jefa sanda, ya ja ƙafa, ya tsaya ya huta. Malam Labbo na gefensa, bai taɓa shi ba, bai dube shi ba, yana ta ƙorafin yadda farashin albasa ya faɗi, yana tafiya a hankali kamar shi ne mai ciwon. Lokacin tayar da salla ya yi ya wuce, ban ji an tayar ba. Mutane na tsaye a ƙofar masallaci suna jira. Sai da na ga ya ajiye sandunansa a bakin ƙofa, wani ya miƙo masa kujera, sannan na ji ladan ya tayar da iƙama.

Da ya dawo rigarsa sharkaf. Ya zube a kan tabarma a tsakar gida yana haki.

"Hajara, ba ni ruwa," ya ce. Ya shanye kofin, ya goge baki. "Nura, je ka gaya wa Liman gobe kada ya jira ni. Zan riga shi."

Bai riga shi ba washegari, bai riga shi ba a watan gaba ɗaya. Amma kafin a cire sabuwar albasa, Babanku ne ke buɗe masallacin.